Tarihin Baba Yara na Kumasi, ɗan tamolar da aka ɗauke ba da ciniki ba

Yau za mu kawo muku tarihin wani saurayi na ƙasar Gana wanda ya yi suna a wasan tamola, wato ƙwallon ƙafa, a zamanin da ƙasashen Afirka ke karɓar mulkin kai. Sunansa na yanka Usman Saidu, amma da Baba Yara aka san shi. An haife shi a birnin Kumasi cikin shekara ta 1936, ya rasu cikin 1969 yana da shekara 32 da haihuwa. Shekara takwas ya yi yana wasa a gaban jama'a, shekara shida kuma ya yi yana jinya, bai sake tafiya da ƙafarsa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa shi ne, a yau duk lokacin da kasuwar sayen ƴan wasa ta buɗe a Turai, sai ka tarar da samarinmu, tun daga Yamai har Dakwaro, sun kasa kunne suna lissafin miliyoyin da aka zuba a kan wane da wane. Yaro in yana da ƙafa, ba shi da buri sai dillali ya gan shi ya ƙetare da shi. To, rayuwar Baba Yara tana tuna mana tambaya biyu da ya kamata a yi tun ba a zo maganar kuɗi ba: wa ke da ikon cewa ɗan wasa ya tashi daga nan ya koma can, kuma wa zai ɗauki nauyinsa ran da ƙafa ta ƙi?

Kumasi da zangonta

Kumasi ba baƙon gari ba ne ga mutanen ƙasarmu. Tun zamanin kakanni fataken Hausa ke ɗaura wa jakai kaya daga Kano da Katsina da Gobir, su nufi Gwanja, su sauka kasuwar Salaga, su sayar da kanwa da tufafi da fatu, su ɗauko goron ƙasar Asante, waɗanda Hausawa ke ce wa Tonawa. Da Turawan Ingila suka karya ƙarfin Asante, kasuwar Salaga kuma ta mutu bayan yaƙin basasar 1892, sai fatake suka matsa kudu, suka kafa zango a cikin Kumasi kanta. A zamanin mulkin mallaka kuma, ɗimbin mutanen Nijar, Zabarmawa da Adarawa da Gobirawa, sun riƙa tafiya ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, cin rani. Wasu neman kuɗin haraji ya kai su, wasu gudun aikin tilas. Suka yi dako, suka yi aikin gonakin koko da ramukan zinariya, wasu suka kora shanu da tumaki zuwa mahautar Kumasi. Ko daga wace ƙabila mutum ya fito, in ya sauka zango da Hausa zai yi ciniki, da ita zai yi gaisuwa.

A wannan birni aka haifi Usman Saidu ran 12 ga watan Oktoba 1936. Duk wanda ya ji laƙabin Baba Yara ya san irin sunayen zango ne, kamar yadda sunan abokin wasansa Dogo Moro yake. Shekara ɗaya kafin haihuwarsa, cikin 1935, aka kafa ƙungiyar tamola ta Asante Kotoko, sarkin Asante Prempeh na biyu ya zama ubanta. Kotoko da harshen Asante beguwa ke nan, ita ce kuwa alamar mayaƙansu tun da. Saboda haka tun ranar da aka kafa ta, mutanen Kumasi ba su ɗauke ta ƙungiyar wasa kawai ba. Tutar ƙasarsu ce.

Daga bayan doki zuwa filin tamola

Masu tarihin wasanni na Gana sun ba da labari cewa Baba Yara da sukuwa ya fara. Yana yaro ya riƙa hawan dawakin tsere a filin sukuwa na Akara, babban birnin ƙasar, wanda fatakenmu ke kira Ankara. Mahayin tsere kuwa dole ya zama marar nauyi, mai ƙarfin zuciya, mai saurin gane inda ƙofa ta buɗe tsakanin dawaki. Waɗannan halaye sun yi masa rana da ya koma tamola.

Cikin 1955 ya shiga Asante Kotoko, yana wasa a gefen dama. Aikin ɗan gefe shi ne ya karɓi ƙwallo a bakin layi, ya yanke mai tsaron baya, ya zura da gudu, ya aika ta gaban raga inda ƴan gaba ke jira. A wannan shekara aka kira shi cikin ƙungiyar ƙasa. A lokacin Gwalkwas da Najeriya suna karawa kowace shekara a kan wani kofi da ake kira Jalco, shekara guda a Ikko, shekara guda a Ankara. A karawar 1955 Gwalkwas ta ci Najeriya 7 da nema, Baba Yara ya jefa biyu daga ciki, alhali bai wuce shekara 19 ba. Daga ranar sunansa ya shiga bakin jama'a, har jaridu suka naɗa shi sarkin ƴan gefe na Afirka ta Yamma.

Ran 6 ga watan Maris 1957 Gwalkwas ta sami mulkin kai a ƙarƙashin Kwame Nkuruma, ta koma Gana. A shekarar nan wani matashi mai suna Ohene Djan ya karɓi shugabancin hukumar tamola ta ƙasa. Shi ya tsayar da gasar ƙasa baki ɗaya a kan ƙafafunta cikin 1958, ya shigar da Gana cikin hukumar tamola ta duniya, FIFA. Aka raɗa wa ƙungiyar ƙasa suna Black Stars, wato Baƙaƙen Taurari, saboda baƙin tauraron da ke tsakiyar tutar Gana. Kotoko ta ɗauki kofin ƙalubale cikin 1958, ta zama zakaran gasar ƙasa cikin 1959, shekarar da aka buɗe babban filin wasa na Kumasi. Duk wannan da Baba Yara a gefenta na dama.

Sai dai ku lura da matsayin ɗan wasa a wancan zamani. A ƙa'ida ƴan tamolar Gana ba ƴan albashi ba ne, ƴan sha'awa ne. Kowa yana da sana'arsa, ko kuma wani babba cikin masoyan ƙungiya ya samo masa aiki a kanti ko a ma'aikata. In an ci wasa a sami ɗan ihsani. Babu takardar kwantaragi irin ta yau mai faɗin albashi da yawan shekaru, babu dillali mai lasisi da zai zauna a madadin ɗan wasa. Takardar rajista da ke hannun hukuma ita ke nuna ƙungiyar da mutum yake. Wanda ke riƙe da rajista kuwa shi ke riƙe da ɗan wasa.

Umurnin 1961

Shugaba Nkuruma ya ɗauki tamola da muhimmanci ƙwarai. A ganinsa hanya ce ta haɗa kan ƙabilun Gana, hanya ce kuma ta nuna wa duniya cewa baƙar fata yana iya karawa da kowa. Cikin 1960 gwamnati ta kafa babbar hukumar wasanni, ta naɗa Ohene Djan darektanta, ta ba shi iko mai faɗi. Cikin 1961 aka fito da wata sabuwar ƙungiya a Ankara mai suna Real Republikans. An ɗauko rabin sunan ne daga Real Madrid ta ƙasar Sifen, wadda ta ci kofin Turai sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960. Jama'a kuwa ƙungiyar Osajefo suke ce mata, wato ta Nkuruma, don Osajefo laƙabinsa ne.

Yadda aka tara mata ƴan wasa shi ne abin da ya tayar da ƙura. Hukuma ce ta zaɓi gwanaye, bibbiyu daga manyan ƙungiyoyin ƙasa, ta mai da rajistarsu ga sabuwar ƙungiya. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da Dogo Moro.

Hujjar hukuma ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a faɗe ta. In gwanayen ƙasa suna wuri ɗaya, suna horo tare, suna wasa tare duk shekara, to ran da aka kira ƙungiyar ƙasa ba sai an tsaya sanin juna ba. Ban da haka, manyan ƙungiyoyin Gana kowace da yankinta: Kotoko ta Asante, Hearts of Oak ta Ankara, wasu na bakin teku. Gwamnati tana son ƙungiya guda wadda ba ta kowa ba ce sai ta ƙasa. Tana kuma son gwanayenta su zauna gida su yi wa ƙasa aiki, kada Turai ta kwashe su.

Amma a Kumasi ba haka aka fahimci abin ba. Tun 1954 aka kafa wata jam'iyyar hamayya a birnin, NLM, wadda ta yi jayayya da Nkuruma a kan kuɗin koko da kuma neman a bar wa kowane yanki ikon kansa. Bayan mulkin kai aka yi doka cikin 1957 wadda ta hana jam'iyyun yanki da na ƙabila. Abin da ya rage wa mutanen Asante su taru su ɗaga murya a kansa a fili, har da Kotoko. Da aka ɗauke musu sarkin ƴan gefe aka kai ƙungiyar shugaban ƙasa, sai suka ga an taɓa su a inda ya fi zafi. Shugabannin Kotoko suka yi barazanar janyewa daga gasar ƙasa. Hukuma ba ta sauya magana ba. Baba Yara ya koma Ankara, ya sa rigar Republikans.

Abin da kasuwa ta sani

Don mu gane abin da ya ɓace a wannan al'amari, mu dubi yadda ake sayar da sa a kasuwar dabbobi ta Dakwaro. Makiyayi ya koro dabbarsa daga daji, ya danƙa ta ga dillalin da ya sani. Mai saye ya zo ya duba, ya taya. In tayi bai kai ba, a ce albarka, ya ƙara ko ya wuce. In ya kai, dillali ya koma ga mai dabba ya ji ta bakinsa, sa'an nan a sallama. Dillali ya karɓi la'adarsa, kuma la'adar nan ba ta surutu ba ce kawai. Shi ne shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi ne lamunin cewa kuɗi za su fito, in rigima ta taso bayan wata uku shi za a nema, don kowa ya san gidansa.

Cinikin ɗan wasa ya fi wannan nauyi, domin ɗan wasa mutum ne mai baki da iyali. A ƙa'idar da duniya ke bi yau, sai yarda uku ta haɗu: ƙungiyar da ke da shi ta sallama, ƙungiyar da ke nema ta biya, shi kuma ya sa hannu a kan albashinsa da shekarun da zai yi. A 1961 Kotoko ba ta kai ɗan wasanta kasuwa ba, ba a kuma ba ta damar cewa albarka ba. Wanda ya nema shi ne mai riƙe da rajista, shi ne kuma alƙalin da za a kai wa ƙara.

Kada a ɗauka a Afirka kaɗai ɗan wasa ke cikin wannan hali a lokacin. A Ingila, sai cikin watan Janairu 1961 aka soke dokar da ta hana a biya ɗan tamola fiye da fam 20 a mako. Can ma ƙungiya tana iya riƙe rajistar mutum ko bayan kwantaraginsa ya ƙare, ta hana shi wasa a ko'ina, har sai da wani ɗan wasa mai suna George Eastham ya kai ƙungiyar Newcastle ƙara, kotu ta ba shi gaskiya cikin 1963. A Faransa kuwa, in yaro ya sa hannu, ƙungiya ta mallake shi ke nan har ya kai shekara 35. Wani ɗan Kamaru mai wasa a can, Eugène N'Jo Léa, shi da Just Fontaine suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin ƴan tamola cikin 1961, shekarar da aka ɗauke Baba Yara daga Kumasi. Cikin 1963 shahararren ɗan wasan nan Raymond Kopa ya kwatanta matsayinsu da na bayi, hukuma ta hukunta shi. Sai cikin 1969 Faransa ta yarda da kwantaragi mai ƙayyadadden lokaci. Kun ga ke nan, ko'ina a duniya ɗan wasa shi ne na ƙarshe da ake tambaya.

Shekarun Ankara

Ta fuskar wasa, dabarar Ohene Djan ta yi aiki. Real Republikans ta tara gwanaye irin su Aggrey-Fynn da mai tsaron gida Dodoo Ankrah, ta ɗauki gasar ƙasa ta 1962 zuwa 1963, ta kuma ci kofin ƙalubale sau huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965. Ƙungiyar ƙasa ma ta ƙara ƙarfi. Cikin watan Agusta 1962 Real Madrid da kanta ta zo Ankara da manyan ƴan wasanta, su Di Stefano da Puskas, ta kara da Baƙaƙen Taurari, aka tashi 3 da 3. Mai horar da ƙungiyar ƙasa a lokacin ɗan Gana ne, Charles Gyamfi, wanda ya je Jamus cikin 1960 ya yi wasa a ƙungiyar Fortuna ta Dusseldorf, ya koyo aikin horo ya komo.

An riga an ba Gana karɓar baƙuncin kofin ƙasashen Afirka na ƙarshen 1963. Baba Yara yana da shekara 26, ƙarfinsa ya kawo, kowa ya sa rai shi zai riƙe gefen dama a wannan gasa a gaban mutanen ƙasarsa.

Hatsarin Kpeve

Ran 24 ga watan Maris 1963, Real Republikans ta je garin Kpandu, cikin jihar Volta, ta kara da ƙungiyar Volta Heroes a gasar ƙasa, ta ci. A kan hanyar komowa Ankara, motar da ta ɗauko ƴan wasa ta yi hatsari a wani gari mai suna Kpeve. Da yawa sun ji ciwo, amma nasu ya warke. Baba Yara shi ne ya bugu a ƙashin baya, lakarsa ta taɓu, ƙafafunsa suka shanye.

Gaskiya gwamnatin Nkuruma ba ta yar da shi ba a wannan lokaci. Daga asibitin soja na Ankara aka ɗauke shi cikin jirgin sama zuwa Ingila, da likita mai rakiya, aka kwantar da shi a asibitin Stoke Mandeville. Wannan asibiti shi ne ya fi suna a duniya wajen jinyar ciwon laka. Likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen cikin 1944 saboda sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu, a can ne kuma aka fara wasannin naƙasassu cikin 1948. Mutanen Gana suka yi ta sauraron labari, ana fata zai tashi cikin ƴan watanni. Allah bai nufa ba. Cikin watan Agusta 1963 aka komo da shi gida a kan keken guragu. An ce daga baya an gwada na gargajiya da na masu addu'a, duk ba a dace ba.

Ran 1 ga watan Disamba 1963, Gana ta ci Sudan 3 da nema a filin Ankara, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. Abokan wasansa na Republikans suna cikin fili, Aggrey-Fynn ne ya ɗaga kofin. Wanda aka ɗauko daga Kumasi domin irin wannan rana yana zaune, ba ya iya miƙewa. Cikin 1965 Gana ta sake ɗaukar kofin a Tunis.

Ran 24 ga watan Fabrairu 1966 soja da ƴan sanda suka kifar da gwamnatin Nkuruma, shi kuwa yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Sabuwar gwamnati ta rushe Real Republikans, aka sauke Ohene Djan, ƴan wasa suka watse, masu ƙafa suka nemi wasu ƙungiyoyi. Ku dubi matsayin Baba Yara a wannan rana. Ƙungiyar da ya ji ciwo cikin aikinta babu ita. Shugaban da aka kafa ta da sunansa yana gudun hijira a Konakiri. Darektan da ya mai da rajistarsa ba shi da ofis. Wanda ya jingina da bango, in bango ya faɗi, sai abin da Allah ya yi.

Ya ƙara shekara uku yana jinya. Ran 5 ga watan Mayu 1969 ya rasu a asibitin Korle Bu na Ankara. Wata shida bayan haka, cikin Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, dubban ƴan Nijar da ƴan Najeriya suka kwashe kayansu daga zangon Kumasi da na Ankara. Cikin waɗanda suka komo gida a wannan shekara akwai masu labarin wasansa a bakinsu.

Abin da ya sauya bayansa

Zamanin da gwamnati ke raba ƴan wasa da umurni ya wuce. Ran 15 ga watan Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan Beljika, Jean-Marc Bosman, cewa in kwantaragi ya ƙare ɗan wasa yana da ikon tafiya ba a biya tsohuwar ƙungiyarsa kome ba. Daga nan albashi ya hau, ciniki ya yi yawa, dillalai suka zama manyan masu faɗa a ji. Cikin 2017 ƙungiyar Paris Saint-Germain ta biya Yuro miliyan 222 a kan Neymar, wato sama da sefa miliyar 145. FIFA ta bayyana cewa cikin 2023 kaɗai ƙungiyoyi sun biya dillalai dalar Amurka miliyan 888 a cinikin ƴan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa. Mu ma hanyar ta biyo ta ƙofarmu: Musa Ma'azu ya tashi daga ƙungiyar AS FAN ta Yamai zuwa Lokeren ta Beljika cikin 2008, daga can CSKA ta Mosko ta saye shi cikin 2009.

Dillalin kirki yana yin aikin da Baba Yara bai sami mai yi masa ba. Shi ke zama da shugabannin ƙungiya ya ja albashi, ya duba yawan shekaru, ya tabbata an rubuta abin da za a yi in ɗan wasa ya ji ciwo, da wanda zai biya likita, da inshorar da za ta riƙe shi in ya naƙasa. Amma inda kuɗi suka yi yawa, ƴan damfara ba su rasa zuwa. Akwai masu yawo cikin garuruwan Afirka da sunan dillanci, su karɓi kuɗin iyaye, wani ya sayar da gona ko shanu, su kai yaro wata ƙasa da bizar ƴan kwanaki, su bar shi a ɗakin haya su ɓace. Irin wannan dillali babu wanda ya san gidansa.

Saboda haka iyaye da shugabannin ƙungiyoyi da ma'aikatan wasanni na jihohi, ga abin da ya kamata ku riƙe. Tun 2001 dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa domin tamola, sai a kan wasu dalilai ƙalilan, kamar in iyayensa ne suka ƙaura saboda aikin da bai shafi wasa ba. Cikin 2015 FIFA ta saki maganar lasisin dillalai, ta ga abin ya lalace, ta mai da shi cikin 2023 tare da jarrabawa. Duk wanda ya ce shi dillali ne, a nemi lasisinsa, a tambayi hukumar tamola ta ƙasa, FENIFOOT. Yarjejeniya tsakanin ɗan wasa da dillali a rubuce take, ba ta wuce shekara biyu, in yaro ne kuma sai da sa hannun waliyyinsa. Kada kowa ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba cikin harshen da yake ji.

Akwai kuma haƙƙin ƙananan ƙungiyoyi. In an sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantaragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 har 23. Amma ba a biyan wanda ba a rubuta ba. Ƙungiyar Dakwaro ko ta Maraɗi da ta yi shekaru tana horar da yaro ba ta yi masa rajista a hukuma ba, ran da ya yi tsada a Turai ba ta da abin nunawa. Rajistar da aka ɗauke Baba Yara da ita, yau ita ce hujjar mai ƙaramin ƙarfi, in ya kula da ita.

Sunan da ya koma gida

Asante Kotoko ta ci gaba bayansa, ta ɗauki kofin zakarun Afirka na 1970 da na 1983. Cikin 2004 gwamnatin Gana ta sa wa babban filin wasa na Kumasi sunan Baba Yara. Fili ne mai ɗaukar mutum wajen 40.000, nan Kotoko ke karɓar baƙinta, nan kuma aka yi wasu wasannin kofin Afirka na 2008. Shekara 43 bayan an ɗauke shi daga Kumasi, sunansa ya koma garin da aka haife shi.

Ƙafar ɗan wasa jarinsa ce, jari ne kuma na ƴan shekaru, wanda hatsarin dare ɗaya ke iya cinyewa. Duk mai neman ɗaukar ɗanku, gwamnati ce, ƙungiya ce ko dillali, ku tambaye shi abin da ya tanada domin wannan rana, ku ce ya rubuta.

Allah ya jiƙan Usman Saidu Baba Yara, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya kiyaye ƴaƴanmu a duk inda neman abinci ya kai su. Amin.